Kama da wane ba ta wane: abin da ke busar da ƙananan itatuwan ado a ɗaki, da yadda ake raya su

Daga tsakiyar watan Nuwamba, manyan kantuna a Paris, Burusel, Montreyal da New York kan cika da wasu ƙananan itatuwa kore shar a cikin tukwanen roba, an naɗe gindinsu da takarda mai ƙyalli. Tsayinsu bai wuce kamu ɗaya ko biyu ba, ganyensu siriri ne kamar allura, kansu a tsuke kamar jinkar rumbu. Don bikin Kirsimeti ake kawo su, amma ba masu bikin kaɗai ke saye ba. Ɗalibi ko ma'aikacin da ya baro Maraɗi ko Tawa, yake zaune a ɗaki ɗaya a hawa na biyar, ya kuma ga itatuwan titi duk sun kaɗe ganye, shi ma yakan ɗauki ɗaya, musamman a farkon Janairu idan an karya farashi. Hotunan falo masu irin wannan icce a kusurwa suna yawo a Facebook da TikTok, ta nan kuma sha'awar ke isowa gida wajen masu sabon aure da masu sabon ofishi.

Labarin yakan ƙare iri ɗaya. Kafin wata biyu su cika ganyen ya dushe, ya yi tauri, ana taɓa shi yana zubewa kamar ƙaiƙayi. Kuɗi sun tafi, mai icce kuma ya yanke wa kansa hukunci cewa ba shi da hannun shuka. Alhali sau da yawa matsalar tun a kanti ta fara: yawancin waɗannan itatuwa na waje ne, masu buƙatar sanyi. A cikin waɗanda aka fi sayarwa, ɗaya ne tak ke iya yin shekaru a cikin ɗaki, shi ma da sharaɗin a kare shi daga busasshiyar iska.

Iri huɗu, kama ɗaya

Dukansu ƴan babban dangi ɗaya ne, wanda Faransawa ke kira conifères, jama'a kuma ke haɗa su duka su ce sapin. Ba sa yin fure irin wanda aka sani, irinsu yana cikin wani ƙunshi mai ɓawo-ɓawo kamar abarba, kuma mafi yawansu ba sa kaɗe ganye rani da damina. Da yake suna kama da juna tun suna ƙanana, abu na farko da ya kamata mai saye ya duba shi ne sunan da ke rubuce a ƴar takardar da ke maƙale a tukunya.

Idan an ga Picea glauca 'Conica', wanda ganyensa ya cushe yana kuma ɗan suka, to ɗan Kanada ne. Masana tsirrai biyu, John George Jack da Alfred Rehder, su suka tsince shi a duwatsun lardin Alberta a 1904. Icce ne na ƙasar ƙanƙara, wanda kowace shekara sai ya yi makonni yana barci cikin sanyi kafin ya fid da sabon toho. Ɗumin ɗaki yana tashe shi ba a kan lokaci ba, ya ƙone abincin da ya tara, ga shi babu hasken da zai ishe shi ya haɗa wani. Kwana 7 zuwa 10 ne iyakarsa a falo. Bayan haka sai a kai shi wuri mai sanyi-sanyi ya yi ƴan kwanaki ya saba, sannan a fitar da shi baranda ko lambu.

Idan an ga Cupressus macrocarpa 'Goldcrest', mai launin kore da ya ja rawaya, wanda ke ƙamshin lemun tsami idan an murza ganyensa, kakanninsa daga bakin teku suke a yankin Monterey na jihar Kalifoniya, inda iska ke da sanyi da danshi. Yana son haske mai yawa da wuri mai sanyi. Idan ƙasar tukunyarsa ta bushe ƙayau sau ɗaya, da wuya ya farfaɗo. Yana iya ɗaukar lokaci a ɗakin da ba a ɗumamawa, amma falo mai ɗumi ba wurinsa ba ne.

Na uku shi ne Juniperus, wanda ake tanƙwarawa a cikin ƴar tasa bisa salon Japan da ake kira bonsai. Masu kanti kan jera shi tare da shuke-shuken ɗaki, amma shi ma ɗan waje ne, rana da sanyi yake so.

Na huɗu, Araucaria heterophylla, shi ne ɗan ɗaki. A Faransa da Beljiyom ana rubuta masa pin de Norfolk, a Amurka kuma Norfolk Island pine. Ba shi da wuyar ganewa: rassansa hawa-hawa suke, kowane hawa kimanin rassa biyar ne suka fito daga wuri ɗaya suka kwanta, idan an leƙo daga sama kamar tauraro, ganyensa kuma da taushi, ba ya suka. A kansa sauran bayanin nan zai tsaya.

Ɗan tsibirin da bai san hunturu ba

Asalinsa wuri ɗaya ne a duniya, tsibirin Norfok, wani ɗan yanki mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 35 a tekun Fasifik, kusan kilomita 1,400 gabas da Ostireliya, ƙasar da ke mulkinsa. Matuƙin jirgin ruwan Ingila James Cook ya isa tsibirin a watan Oktoba na 1774. Da ya ga dogayen itatuwa miƙaƙƙu sai ya yi zaton an samu abin yin turakun jiragen ruwa. Ingila ta kafa sansani a can a 1788, amma da aka gwada katakon sai aka tarar yana karyewa, bai dace da wannan aiki ba. A gidansa iccen yakan kai mita 50 zuwa 60, hotonsa ne a tsakiyar tutar tsibirin, danginsa kuma tsofaffi ne da suka rayu tun zamanin manyan dabbobin nan da ake tono ƙasusuwansu a Gadufawa. Duk da dubban dubatan da ake sayarwa a tukwane, a tsibirin nasa yawansa ya ragu saboda sara da kiwo, har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin jerin masu rauni.

Sanin yanayin tsibirin shi ne rabin aikin kula da iccen. A can da wuya zafi ya haura digiri 28, da wuya kuma sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10. Ruwan sama ya haura milimita 1,000 a shekara, yana sauka a kowane wata, iskar teku kuma kullum da danshi. Shi ya sa iccen ke jin daɗi tsakanin digiri 16 da 24, daidai da ɗakin kwanan mutum, kuma ba ya neman barcin sanyi kamar ɗan Kanada. Shi ya sa kuma ɗaliban Nijar da ke Rabat, Kasabalanka ko Aljas ke ganin manyansa a lambunan bakin teku ba tare da kowa ya lallaɓa su ba. Abin da bai sani ba a gidansa shi ne ƙanƙara da busasshiyar iska.

Shofaj a Turai, hunturu da kilim a gida

Iska mai sanyi ba ta riƙe ruwa da yawa. Idan ta shigo ɗaki, na'urar ɗumama ɗaki, wato shofaj, ta ɗumama ta, danshinta kan faɗi zuwa kashi 20 ko 30 cikin 100, alhali iccen Norfok yana son kusan kashi 50. A Nijar lamarin ya fi haka tsanani. Daga hunturu zuwa farkon bazara danshin iska da rana kan sauka ƙasa da kashi 20, wani lokaci har kusa da 10. Na'urar sanyaya ɗaki, wato kilim, tana rage zafi, amma tana tatse ɗan ruwan da ya saura a iska, shi ne ruwan da ake gani yana ɗiga daga bututunta.

Ganye yana fitar da ruwa ta wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Iya bushewar iska, iya saurin fitar ruwan. Idan saiwa ta kasa mayar da abin da ya fita, bakin ganye ya fara ƙonewa, daga nan reshe ya bi. Abin da ke yaudarar mutane shi ne ganyen wannan dangi yana da wani rufi kamar kaki, wanda ke riƙe launinsa ko da ya mutu. Misali a bayyane yake: babban iccen Kirsimeti da aka sare, ba shi da saiwa ko ɗaya, yana makonni a falo yana kore. Saboda haka ranar da aka ga ganye ya koma ruwan ƙasa, ɓarnar ta riga ta yi makonni da faruwa.

Rigakafin ya fara ne daga wurin ajiya. Kada a sa tukunya a kan shofaj ko kusa da shi, ko a gaban bakin kilim, ko inda fanka ke kaɗawa kai tsaye, ko bakin ƙofar da iskar waje ke bugowa. Fesa ruwa a ganye yana wanke ƙura, amma danshin da yake kawowa na ƴan mintoci ne. Abin da ya fi tasiri shi ne ƴar na'urar ƙara danshi da ake sayarwa a kantunan kayan lantarki, ko haɗa shuke-shuke da yawa wuri ɗaya, domin kowanne yana fitar da ruwa ga maƙwabcinsa. Faranti mai faɗi da tsakuwa da ruwa a ƙarƙashin tukunya yana ɗan taimakawa, muddin gindin tukunyar yana bisa tsakuwa, bai taɓa ruwan ba. A gida Nijar, na'urar nan mai sanyaya ɗaki da ruwa ta fi kilim dacewa da iccen, don tana sanyayawa tana kuma ƙara danshi. Ajiye shi kusa da randa ko tulu ma ba a banza ba ne.

Haske: kusa da taga

Idon mutum yana sabawa da duhu, shi ya sa falo ke yi masa kamar yana da haske. Ga icce ba haka ba ne. Hasken tsakar rana a fili yakan kai lukis 100,000 a ma'aunin haske, tsakiyar ɗaki kuma sau da yawa ƴan ɗaruruwa ne kawai. Kusurwar da ta fi kyau a hoto, bayan kujera ko gefen talabijin, ita ce ta fi cutar da shi. Idan haske ya yi kaɗan, rassa suna langaɓewa, tazarar da ke tsakanin hawa da hawa tana tsawo, na ƙasa kuma su fara zubewa.

A Turai da arewacin Amurka, inda yinin watan Disamba a Paris bai wuce awa 8 da ƴan mintoci ba, a matso da shi jikin tagar da ta fi kowace haske, wato mai kallon kudu ko yamma, amma kada ganye ya taɓa gilashi mai sanyi. Idan ɗakin ba shi da irin wannan taga, fitilar LED ta shuke-shuke, a kunne awa 10 zuwa 12 a yini, tana cike gurbin. A Yamai, inda yini mafi gajarta ya haura awa 11, matsalar ƙarfin rana ce. Taga mai kallon gabas ita ce zaɓi, ya sha hantsi ya huta. Ranar la'asar da ke shigowa ta tagar yamma a watan Afrilu tana iya ƙona gefe guda cikin ƴan kwanaki, sai an sa labule mai shara-shara.

Iccen yana karkata zuwa inda haske yake. A riƙa juya tukunya rubu'in zagaye kowane mako, domin ya tashi a miƙe.

Ruwa, tukunya da ƙasa

Ba a ba shi ruwa bisa kalanda. A tura yatsa cikin ƙasa zurfin santimita 2 ko 3. Idan da sauran laima a dakata, idan ta bushe a zuba ruwa a hankali har ya fito ta ramin gindin tukunya, bayan minti 20 ko 30 kuma a zubar da wanda ya taru a faranti. A lokacin sanyin Turai ana iya yin kwana 10 ba a ba shi ba, a bazarar Nijar kuwa sai an duba kowace safiya. Yawan ruwa yana kisa kamar ƙarancinsa: saiwa tana numfashi, idan ta daɗe cikin taɓo sai ta ruɓe, icce ya mutu da ƙishirwa alhali yana cikin ruwa. Takardar nan mai ƙyalli da ake naɗe tukunya da ita ba ta da rami, ruwa ke kwanciya a ciki. A cire ta tun ranar farko.

Ruwan sama ya fi kowane. Ruwan da ke da kanwa ko gishiri, kamar na wasu rijiyoyi, da ruwan famfo mai farar ƙasa irin na Paris, suna barin farin ɓawo a bakin tukunya, a hankali ya ƙona bakin ganye. Maganinsa shi ne sau ɗaya a wata ko biyu a kwarara ruwa mai yawa ya ratsa ƙasar ya fita. A garuruwan da ruwa ke da tsada, kamar Damagaram inda ƙarancinsa tsohon zance ne, ruwan da aka ɗauraye kayan miya da shi ya wadatar, in dai babu sabulu, gishiri ko mai a ciki.

Ƙasar da yake so mai sakin ruwa ce, mai ɗan tsami-tsami. A Turai buhun ƙasar shuke-shuken ɗaki da aka gauraya da tsakin dutse ko rairayi mai kauri ya isa. A gida ana iya haɗa rairayin gulbi mai kauri, ruɓaɓɓen ganye da ya zama baƙar ƙasa, da ƴar ƙasar lambu. A guji laka, ɗanyen kashin dabbobi da toka. Takin zamani na gona, kamar NPK 15-15-15 ko yuriya, yana da ƙarfin da ƴar tukunya ba ta ɗauka. Takin ruwa na shuke-shuken ado, rabin abin da aka rubuta a kwalba, sau ɗaya a wata ya isa, kuma a lokacin girma kawai: daga Afrilu zuwa Satumba a Turai, da damina a Nijar.

Tukunyar ƙasa irin ta Mirriya ko Bubon ta fi ta roba a ƙasar zafi, domin tana gumi tana sanyaya saiwa, sai dai a tabbata an huda gindinta. Akwai kuma dabarar tukunya cikin tukunya, wadda malamin nan na jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa don adana kayan lambu har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Haka ake yi wa icce: a sa tukunyarsa cikin wata babba ta ƙasa, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, a bar hanyar da ruwa zai tsiyaye. Saiwar iccen Norfok ba ta da yawa kuma ba ta son taɓi, don haka sauya tukunya sau ɗaya a shekara 3 ko 4 ya isa, sabuwar kuma kada ta fi tsohuwar faɗi da fiye da santimita 5.

Abin da ya tafi ba ya dawowa

Wanda ya saba da zogale ko dogon yaro, da ake sarewa su sake tohowa, sai ya sauya tunani a nan. Reshen da ya bushe a jikin iccen Norfok ya tafi ke nan, wani ba ya fitowa a gurbinsa. Icce da ya rasa hawa biyu na ƙasa zai ci gaba da tsawo, amma gindinsa zai zauna fayau har abada. Tsiron da ke can ƙololuwa shi ne jagora. Idan aka yanke shi ko ya karye, iccen yakan fid da kai biyu ko uku, siffar jinkar nan ta lalace. Abin da kawai ake yankewa shi ne reshen da ya riga ya mutu, da almakashi mai tsabta, dab da jiki.

Wani abin mamaki game da shi: idan aka yanki reshen gefe aka dasa, ko ya yi saiwa ba ya tashi sama, haka zai ci gaba da girma a kwance kamar yana jikin uwarsa. Masu renon itatuwa daga iri suke samun masu kyan siffa, kuma sukan haɗa tsiro uku ko fiye a tukunya ɗaya don ta cika ido. Ba dole ne a raba su ba. Idan ana so a bar ɗaya, yanke sauran daga gindi ya fi tumɓuke su, saboda saiwoyinsu sun sarƙe.

Masu son rataya masa ado su zaɓi marar nauyi da ƙananan fitilun LED da ba sa zafi, su kuma cire bayan biki.

Karanta alamomi

Bakin ganye ya koma ruwan ƙasa yana ƙaiƙashewa: iska ta bushe, ko an bar ƙasa ta bushe, ko gishiri ya taru. Ganye ya yi rawaya, ƙasa jagab tana wari: ruwa ya yi yawa. Rassa sun rusuna amma suna kore: haske ya yi kaɗan. Zubewar ƴan tsofaffin ganyaye na can ciki kusa da jiki kuwa tsufa ne, ba cuta ba. Idan ana shakka ko icce na da sauran rai, a kankare ɓawon jikinsa kaɗan da farce. Kore mai laima na nufin da rai.

Babban maƙiyinsa a cikin ƙwari wasu ƴan mitsi-mitsi ne dangin gizo-gizo, masu son zafi, ƙura da bushewa, wato daidai yanayin hunturu da na ɗaki mai shofaj. Suna tsotse ruwan ganye, launi ya koɗe, a ga siririyar yana tsakanin rassa. A riƙe farar takarda ƙarƙashin reshe a girgiza shi. Idan ɗigo-ɗigon da suka faɗo suna motsi, su ne. A kai iccen makewayi, a rufe bakin tukunya da leda, a wanke shi da ruwa sama da ƙasa, a maimaita kowane mako. Idan sun ƙi tafiya, ruwan sabulu marar ƙarfi ko man ƴaƴan dogon yaro da aka tsarma yana aiki, amma a gwada a reshe ɗaya tukuna, a kuma fesa da yamma. Akwai kuma wasu farare kamar auduga da ke laɓewa a hammatar rassa. Su ana goge su ne ɗaya bayan ɗaya da auduga da alkol na kantin magani.

Masu talla kan ce irin waɗannan shuke-shuke suna tace iskar ɗaki. Zancen ya samo asali ne daga wani gwaji da hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi a 1989 cikin rufaffun akwatuna. A 2019 masu bincike na jami'ar Drexel sun sake duba gwaje-gwajen da aka yi a kan batun, suka nuna cewa sai an jera tsirrai 10 zuwa 1,000 a kowane murabba'in mita kafin su yi aikin da shigar iska ta yau da kullum ke yi a gini. Wanda zai saya, ya saya don kyau da sanyin ido.

Idan tafiya gida ta taso

Ɗan ci-rani yakan rufe ɗaki wata guda ko fiye ya zo gida hutu, Salla ko biki, kuma a nan itatuwa da yawa ke mutuwa. Mafi aminci shi ne a kai wa maƙwabci ko aboki, a nuna masa gwajin yatsa. In babu, a ba shi ruwa sosai ranar tafiya, a ɗan janye shi daga taga amma kada a rufe labule, a ajiye bokitin ruwa a wuri mafi tudu da tukunya, a sa igiyar auduga, baki ɗaya a gindin bokiti, ɗayan a binne cikin ƙasa. Ba a fafe gora ranar tafiya: a gwada dabarar mako guda kafin a tashi, a ga ko ruwan na tafiya daidai. Barin tukunya tsundum cikin ruwa na wata guda ruɓar da saiwa yake.

Ɗauko icce a jaka daga wata ƙasa zuwa wata kuma yana da doka. Tun 14 ga Disamba 2019, Tarayyar Turai ta wajabta takardar shaidar lafiyar tsirrai ga duk tsiro mai rai da aka shigo da shi daga waje, ko a kayan matafiyi ne. Amurka ma ba ta barin matafiyi ya shigo da tsiro da ƙasa a gindinsa. Ko da takarda ta cika, icce da aka rena a ɗakin gilashi a Turai, aka sauke shi Yamai a watan Afrilu, da wuya ya ga damina.

Ga mai son gwadawa a Nijar

Gaskiyar magana, a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa wannan icce baƙo ne mai wuyar sha'ani. Zafin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, kuma idan wuta ta ɗauke ɗakin siminti mai rufin kwano yana zama tanda. Lokacin da ya fi dacewa a saya shi ne farkon damina, daga Yuni zuwa Yuli, ya samu watanni na danshi ya kafu. A wannan lokaci yana iya zama a baranda mai inuwa ya sha ruwan sama. Daga Nuwamba a shigo da shi, a riƙa wanke masa ƙura kowane mako. Daga Maris zuwa saukar ruwa a ba shi ɗaki mafi sanyi a gidan, wanda ba ya kallon yamma.

A wajen mai sayarwa, a shafa ganye a ji taushi, a leƙa ciki kusa da jiki ko akwai bushewa ko yana, a duba ƙololuwa ba ta karye ba, a kuma murza ganye da farin ƙyalle, don wasu ana fesa masu koren fenti. A tambayi tsawon lokacin da iccen ya yi a garin. Wanda ya riga ya ga bazara ɗaya a nan ya fi wanda mota ta sauke jiya daga bakin teku.

Wanda gidansa ba shi da wuri mai sanyi yana da wasu zaɓi. Iccen da masu lambu ke kira tuya, mai ganye a shimfiɗe kamar mafici, ɗan wannan dangi ne kuma ya fi jure zafi, amma a tsakar gida. Filawo, duk da ganyensa kamar allura, ba ɗan dangin ba ne, kuma babban icce ne na fili. Ɗan dangin da ya saba da hamada yana nan a maƙwabta, a duwatsun Tasili kusa da Janet a kudancin Aljeriya, wanda Abzinawa ke kira tarut. Waɗanda suka rage sun ɗan haura 200, wasu sun wuce shekara 2,000, doka kuma tana kare su, ba na tukunya ba ne. Don cikin ɗaki kuwa, moda, mai dogayen ganye tsaye kamar takobi, tana jure zafi, ƙura da mantuwa.

Wanda ya samar wa iccen Norfok taga mai haske, danshi da ruwa daidai gwargwado, ya yi haƙuri da shi, don a ɗaki a hankali yake girma, hawa ɗaya ko biyu na rassa a shekara. Sabon toho mai haske a ƙololuwa shi ne shaidar cewa ya karɓi wurin. A haka yana iya yin shekara goma ko fiye kafin kansa ya kusa taɓa rufi, lokacin da za a fara tunanin wurin da ya fi ɗakin tsayi.